Shekarar da Na Saki Hannun Baba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu, kun ji ta tun kuna yara a bakin gwaggwanninku, wai kakanku Malam Haruna ya ƙara shekara guda a Landan ne saboda ya faɗi jarrabawa, kunya ta hana shi dawowa tare da abokan karatunsa. Shi bai taɓa musa ta ba har ya koma ga Allah, domin ba mutum ne mai tsayawa wanke kansa ba. Ni kuwa yanzu girma ya kama ni, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka zauna a gidan nan na Woolwich da wayonsu, don haka bari in faɗa muku yadda abin ya kasance. Baba ya ci jarrabawarsa lafiya lau. Saboda ni ya zauna, saboda wata rawa da ko sunanta ba a sani ba a unguwarmu ta Zariya.

Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aka turo shi ƙaro ilimin injiniya a shekarun da kuɗin mai ya fara malala a ƙasarmu, ya taho da mu, ni da Inna da ƙanena Sani yana goye. Muka kama saman wani tsohon gida kusa da kasuwa, ɗaki biyu da kicin da wani siririn lungu da ya haɗa su. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, saboda haka kunya biyu ta haɗu wa Inna a kaina. Ba ta kiran sunana, ba ta yabona, in ta matsu sai ta ce “ke” ko “yarinyar nan”. Baba kuwa Uwata yake ce mini, a gida da waje, har Turawan layinmu suka ɗauka sunana ke nan.

'Yar masu gidan, wata Baturiya sa'ata, ita ta fara jana zuwa wajen koyon rawar bale, wata rawar Turawa, a wani zaure da ke bayan coci. Ranar da Inna ta ga irin kayan da ake sawa ta ce sam, ba da 'yarta ba. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya sa hularsa ya bi ni ya gani da idonsa. Ya tarar da 'yan mata zalla, da wata tsohuwa mai fiyano, da malamar, Mis Doris, doguwar mace mai furfura wadda take tafiya kamar an ɗaure mata zare a tsakiyar ka ana jan ta sama. Ya daɗe a bakin ƙofa yana kallo. Da muka dawo ya ce wa Inna abin ya fi kama da horon soja a kan rawar da muka sani, ta ɗinka mini siket mai sauka ƙasan gwiwa, shi ke nan. Haka na shekara uku ina zuwa, har na zama wadda ake cewa sauran yara su kalla.

Ina da shekara goma sha uku Mis Doris ta murza ƙafafuna ta ce ƙashina ya yi ƙwari, lokaci ya yi da zan hau kan 'yan yatsu. Ku da ba ku taɓa riƙe takalmin wannan rawa ba, na yadin satin ne mai sheƙi da laushi a ido, amma bakinsa tauri gare shi kamar katako, a kansa mutum yake tsayawa, duk nauyin jikinsa a kan wurin da bai kai faɗin murfin kwalba ba. Inna ta raɗa masa suna takalmin tsini. Launinsa na fatar Turawa ne, a ƙafata sai ya yi fayau kamar na aro. Ba ta ce mini komai ba, wata rana dai na dawo daga makaranta na tarar ta dafa baƙin shayi mai kauri ta shafe takalmin da igiyoyinsa, ta shanya su kusa da hitar ɗumama ɗaki. Kuma ita ta riƙa yi wa bakinsa saƙa da zare mai kauri don kada ya zame, irin ɗinkin da take yi wa hular Baba. Mis Doris ta juya takalmin a hannunta ta tambaye ni wane shago ne ya yi wannan aiki. Amma Inna ba ta taɓa taka zauren nan ba. Uwa ba ta zuwa kallon 'yar fari.

A jikin bangon zauren akwai wata doguwar sanda da ake dafawa. Muddin hannuna yana kanta, babu wadda ta kai ni. Matsalar ta fara ne ranar da aka ce mu bar bango mu fito tsakiyar fili. Na hau, na ɗaga ƙafa ɗaya, sai idon sawuna ya karkace, na zube gaba ɗaya, haɓata ta daki katako. Yaran suka yi dariya, ba don mugunta ba, yara ne. Targaɗen ya warke cikin 'yan makonni, amma abin da ya shiga ƙirjina bai fita ba. Daga ranar, da zarar na saki sanda sai gwiwata ta kama rawa, in sauko tun kafin in hau. Abin bai tsaya a zauren ba. Na daina ɗaga hannu a aji ko na san amsa, na daina zuwa kasuwa ni kaɗai, in za mu tsallaka titi sai na riƙe rigar wani. Ni ban lura ba. Baba ya lura.

A daidai lokacin ne ya gama karatunsa, kuma a daidai lokacin ne Baba Garba ya zo. Abokinsa ne tun suna makaranta, ya riga ya zama babba a ma'aikatarsu, ya shigo Landan da wani aiki ya biyo ta wajenmu da babbar riga mai aiki har ƙasa, direban tasi na biye da shi da jakunkunan sayayya. Inna ta tuƙa tuwon garin shinkafa da miyar busasshiyar kuɓewar da take ɓoyo don manyan baƙi. Suna ci yana ba da labarin gida, yadda ake gine-gine ko'ina, yadda jiragen ruwa suka yi layi a teku suna jiran a sauke musu kaya, yadda duk wanda ya dawo da takarda ake rububinsa. Sannan ya wanke hannu ya ce:

“Haruna, an buɗe sabon sashe a Kaduna, shugaba ake nema. Na ce musu ga mai shi nan tafe. Gida, mota, direba. Amma ka san halin kujera, ba ta jiran mutum. Ka yi booking ɗin jirgi cikin watan nan.”

Inna tana bakin kicin, na ga fuskarta ta washe yadda ban taɓa gani ba tun zuwanmu. Baba ya yi godiya, ya ce a ba shi kwana biyu.

Washegari Asabar, ya raka ni zaure, bayan an tashi ya ce in jira a waje. Ƙofar ba ta rufe sosai, na ji komai. Ya tambayi Mis Doris ko zan iya abin nan kuwa. Ta ce ƙafata ta fi ta kowa ƙarfi, ba ƙafar ce ke faɗuwa ba. Ya tambaya yaushe zan warke. Ta ce ba ta da sani, amma akwai jarrabawa a bazara mai zuwa, in an bar mata ni tana sa rai zan tsaya a gaban mai jarrabawa ba tare da dafa komai ba. Ta ƙara da cewa ta ga yaran da aka cire a irin wannan mataki, rawar suna mantawa da ita, tsoron ne ba sa mantawa.

Bayan sallar magariba ya gaya wa Inna shawarar da ya yanke. Ban taɓa jin muryarta ta tashi a gabansa ba sai ranar.

“Malam, saboda rawa? Me zan ce wa mutane? Ƙanwata za a aurar bana, tun ina gida nake tara mata kaya. Sanyin ƙasar nan ya cinye mini ƙashi. Duk abokanka sun koma sun zama mutane, kai za ka zauna gadin takalmi?”

“Ba rawar nake tsaya wa ba,” in ji shi. “Na san ba za ta yi ta a Zariya ba. Amma yarinyar da na kawo ƙasar nan ba ta tsoron komai. Dubi yadda ta koma, ko gilas ta ɗauka sai ta riƙe da hannu biyu. Ni na kawo ta, ba zan mayar da ita gida a haka ba.”

“In ta koma cikin dangi ai za ta ware.”

“Wataƙila. In ba ta ware ba fa? Aiki in ya wuce wani zai zo. Wannan in ya zauna mata, da shi za ta yi aure, da shi za ta yi reno.”

Inna ta yi kwanaki ba ta yi masa magana sai ta dole. Ni kuwa na je na durƙusa na ce masa na haƙura da rawar, mu tafi. Ya dube ni ya ce, “Uwata, da kin ce kin gaji da ita ne, da gobe mun kama hanya. Kin gaji da ita?” Na kasa yi masa ƙarya. Ya ce to, in tashi in je in wanke kwanuka.

Tallafin karatunsa ya ƙare tare da karatun. Ya nemi izinin hutu daga ma'aikata, ya sami aiki a wata masana'antar wayoyin lantarki da ke bakin kogi. Mutumin da aka tanadar wa direba ya koma sa shuɗin kayan aiki yana tafiya a ƙasa da 'yar jakar abincinsa, ya dawo da baƙin mai a farce. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba. In 'yan gida suka haɗu ranar Lahadi aka fara zolayarsa, sai ya yi dariya ya ce shi yanzu yana karantar waya ne daga tushe.

Mis Doris ta mayar da ni farko kamar wadda ba ta taɓa hawa ba. Ta hana ni fita tsakiya. In fuskanci sanda da hannu biyu, in hau a hankali, in sauko a hankali, har sai cinyoyina sun yi zafi. Bayan wani lokaci ta ce hannu ɗaya, daga nan 'yan yatsu biyu, kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta huce. A gida ta ba ni aikin tattaro tawul da yatsun ƙafa, da tsayuwa a ƙafa ɗaya ina goge baki. Takan dafa cikina ta ce nan ne sandar gaskiya take, ba a bango ba. Ta kuma koya mini abin da ban zata ana koyarwa ba, wato yadda ake saukowa in tsayuwa ta ɓaci, yadda za ka mirgino ta tafin ƙafa ka durƙusa kaɗan maimakon ka zube. Mace ce mai tsanani, ba ta iya lallashi ba, amma a tsawon shekarar nan ba ta taɓa nuna mini ta ƙosa ba.

Baba kuma yana da tasa makarantar. Wata Lahadi ya kai ni wani fili kusa da kogi inda tsohon layin dogo ya rage cikin ciyawa, an daina amfani da shi. Ya ce suna yara a Kafanchan, inda kakana ya yi aiki, gasarsu ke nan, wa zai fi nisa a kan ƙarfe ɗaya. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya hau, da kwat da hula, ya buɗe hannuwa. Bai yi nisa ba ya tangaɗa ya faɗa cikin ciyawa, hular ta yi nata wuri. Ya tashi yana dariya har da hawaye, ya sake hawa. Da na hau ina kallon ƙafata, ya ce:

“Ɗaga kanki. Ƙafa ta san inda take, ba ta bukatar ki yi gadinta. Zaɓi abu ɗaya can nesa ki ba shi idonki. Ga bututun hayaƙin can.”

Da na gaya wa Mis Doris, ta ce abin da take faɗa mini ke nan tun bara, amma da yake daga bakin uba ya fito yanzu na ji.

Kullum da safe kafin ya fita, sai in sa takalmin mu tsaya a lungun nan, ya miƙo mini hannunsa a madadin sanda. Hunturu ya shigo, tagogi suka yi ƙanƙara ta ciki, yatsuna suka fashe, Inna tana naɗe mini su da auduga tana faɗa ƙasa-ƙasa. Hotunan bikin ƙanwarta suka iso, ta kalle su sau ɗaya ta sa a ƙasan akwati. Labari kuma ya zo cewa an ba wani kujerar, wani yaro da Baba ya koya wa aiki. Duk wannan ina gani, kuma nauyinsa ya ƙara danne ni, har na ce wa Baba ya yi mini yadda ake wa mai koyon keke, ya zare hannunsa ba tare da na sani ba.

“A'a,” ya ce. “In na yaudare ki sau ɗaya, gobe hankalinki zai koma kan hannuna, kina jiran yaushe zan zare. Hannuna yana nan, ba inda za shi. Ke za ki sake ni, ranar da kika ga dama.”

Ranar ta zo ba tare da wani shiri ba, wajen ƙarshen sanyi. Inna tana suyar ƙosai, ƙamshin ya cika gidan, Sani yana buga cokali a kan tebur. Na hau kamar kullum, na sa idona a kan ƙusar da ke jikin ƙofa, na ji bayana ya miƙe, nauyina ya zauna daidai a kan yatsuna kamar an ajiye tulu a gurbinsa. Sai na ji hannun Baba ya zame mini kaya. Na buɗe yatsuna na ɗaga hannuna sama. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Na ɗaga ƙafa ɗaya, na tsaya, na sauko a hankali yadda aka koya mini. Baba bai motsa ba, hannunsa na nan a miƙe a inda na bar shi. Can ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya ɗauki jakar abincinsa ya sauka. Ta taga na hango shi ya tsaya a bakin titi yana goge fuska da hularsa.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya daidaita. Na sake faɗuwa a zaure, ba sau ɗaya ba. Bambancin shi ne yanzu in na faɗi ina tashi in koma, kuma na fara jin haushin faɗuwar maimakon tsoronta.

Ranar jarrabawa ba a barin iyaye su shiga. Mai jarrabawar wata mace ce da aka turo daga cikin gari, tana zaune bayan tebur ba ta murmushi. Da aka zo aikin tsakiyar fili, a juyi na biyu na ji na karkata, amma na matse cikina na mayar da idona kan agogon bango, na ƙarasa. Da sakamako ya fito na ci, ba ni ce ta ɗaya ba, ta ɗayan 'yar masu gidanmu ce. Amma a ranar jarrabawar, bayan kowa ya watse, Mis Doris ta leƙa waje ta ga Baba tsaye da kayan aikinsa, ya roƙi hutun rabin yini a masana'anta. Ta ce ya shigo, ya biya kuɗin kallo fiye da kowa. Sai ya juya ya yi wa wani magana a bayan ƙofa. Inna ce, da mayafinta da Sani a hannu. Ashe tare suka zo, ta ce ita rakiya kawai ta yi.

Tsohuwar mai fiyano ta riga ta tafi, Mis Doris da kanta ta zauna ta buga. Na yi musu rawar tun daga farko har ƙarshe, ni kaɗai a tsakiyar zauren. Da na gama na rusuna, babu wanda ya tafa. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta dubi bango, ta ce da Baba:

“Ashe abin da nake ta ɗinke wa takalmi ke nan.” Sannan ta ƙara, “'Yar mutane ta iya.”

A duk rayuwata da ita, wannan ne yabo mafi girma da na samu daga bakinta, kuma ya ishe ni.

Kafin kaka mun koma gida. Ban sake sa takalmin tsini ba, babu inda zan sa shi, kuma ban yi baƙin ciki yadda kuke zato ba. Baba ya koma ma'aikata a ƙarƙashin yaron nan da ya koya wa aiki, ya yi shekaru yana kai masa fayil yana ce masa ranka ya daɗe, har ya yi ritaya bai kai matsayin da abokansa suka kai ba. Gidan da muka tashi a Tudun Wada kun san shi, kun kuma san irin gidajen su Baba Garba. Ni kuwa na yi karatun likita a lokacin da mata a ajinmu ba su cika hannu ba, na tsaya a gaban manyan da ba sa son ganina, na yi tiyata a daren da babu wani babba da zan kira. Duk lokacin da gwiwata ta so ta yi rawa, na san abin da zan yi da ita.

Sau ɗaya na taɓa tambayarsa, bayan ya tsufa, muna zaune a ƙofar ɗakinsa ina yanke masa farce. Na ce, Baba, ba ka taɓa yin da-na-sani ba? Ya daɗe yana kallon hannunsa a cikin nawa.

“Na yi mana,” ya ce. “Duk ranar da motar ofis ta wuce ni ina jiran bas, sai na yi. Ni ma mutum ne, Uwata. Amma da za a mayar da ni, zama zan sake yi.” Ya miƙo mini ɗaya hannun. “Yi a hankali da wannan, jiya na buge shi.”